Murɗin Bahago

Yammacin ya fara kamar kowane yammacin bazara a Dakoro. Rana ta sunkuya bayan tudun rairayi, shanun unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata sun jingine taɓare, hayaƙin tuwo ya kwanta a kan dangogi ya ƙi tashi. A ƙofar gidan maƙera, Kimba yana zaune bakin maƙerarsa, wutar ta mutu tun la'asar bai kula ba. Guduma na hannunsa na hagu, don shi bahago ne, amma ba abin da yake duka. Idonsa na can gindin aduwa, inda kamiyon Alhaji Kalla, babbar motarsa ta kaya, yake tsaye, inda kuma 'yarsa Habi ta durƙusa kusa da ƙanensa Cindo tana miƙa masa ƙarafa.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai san Kimba ba.

Shi ne babba a gidan. Shi ya gaji maƙera daga ubansu, shi ya zauna da tsohuwarsu Inna Uwale, shi ya binne matarsa ya rage daga shi sai Habi. Da Nasara ya kafa bariki a garin, motoci suka fara ratso rairayi daga Maradi, shi ne maƙerin da ya fara cusa kai cikin mota bai ji tsoro ba. Ba wanda ya koya masa. Da ido da kunne da ƙunar yatsu ya koya, har Alhaji Kalla mai fataucin hatsi ya danƙa masa kamiyonsa, ya ce kada kowa ya taɓa shi in ba Kimba ba. Habi kuwa tun tana tatata take bin sa ƙarƙashin mota. Matan unguwa suna tsegumin ya mai da 'ya mace namiji, shi ko a jikinsa. In yana kwance yana aiki ya miƙa hannu baya, ba sai ya waiwaya ba, ba sai ya yi magana ba, abin da yake so shi za ta sa masa a tafi. Wannan ya fi masa duk abin da ya mallaka.

Sai Cindo ya dawo daga Yamai, bayan shekaru yana aiki a jirgin ruwa mai moter, wato inji, na wani Nasara a kogin Kwara. Ya dawo da wandon kaki, da Faransanci a baki, da labarin ruwan da sai ka ɗaga murya kafin na wancan ƙetaren ya ji ka. Mutanen da ke jan guga da sa tun asuba kafin su cika tulu, yaya ba za su buɗe baki suna saurare ba? Ga shi kuma da yatsa shida a hannun dama, wanda Inna ta hana wanzami cirewa tun yana jinjiri. Kimba yakan ce a ransa, wannan tun daga ciki ya fi kowa rabo.

Kamiyon yana da ciwo guda. In rana ta take, ya shiga rairayi da buhunan gero, tsohon pompinsa sai ya kasa jawo isansi, wato fetur, motar ta tsaya tsakiyar daji tana huci. Kimba ya yi masa faci da fatar akuya, ya naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma, ya yi duk dabarar da Allah ya ba shi, ciwon yana tafiya yana dawowa. Cindo kuwa sai ya buɗe akwatinsa ya fito da wani abu kamar gwangwanin madara, ya ce pompi ne da wutar batir ke tuƙawa, irin na jirginsu. A wannan yinin ya ɗaura shi. Yanzu yana gwada wa Habi wayoyin, da murya wadda ta isa maƙera.

"Duba nan, ɗiyata. Wuta ba ta zuwa mishi kai tsaye daga batir, ko da wasa. Sai ta bi ta kontak, inda ake tada mota, in an cire kile, makullin nan, ta mutu. Sannan ta bi ta wanga ɗan kwalba, fizibil, zaren da ke ciki shi ka ƙonewa kahin mota ta ƙone. Sannan wanga ɗan maɓalli da ke jin ƙarhin man moter. In moter ya mutu, mai ya kwanta, pompi ya tsaya ko an manta kile."

"Dut don abu guda?" in ji Habi.

"Dut don abu guda. Isansi ba shi tashi sama kamar hayaƙi, tururinshi ƙasa yake nema, ya kwanta cikin rami yana jiran tartsatsi. A jirgi cikin cikinshi yake taruwa. In ka yi kuskure can, ba ka da wurin gudu sai ruwa."

Ya durƙusa ya sunsuni ƙarƙashin motar kafin ya murɗa kile, kamar yadda ya saba a jirgi. Habi ma ta durƙusa ta sunsuna, suka yi dariya tare. Pompin ya ce tak, tak, tak, moter ya ɗauka bugu ɗaya. Alhaji Kalla, wanda ke tsaye da mutanensa, ya tafa hannu ya juyo wajen maƙera.

"Kimba! Ashe ƙanenka ya hi ka yatsa, ya hi ka sani!"

Aka bushe da dariya. Wasa ne, kowa ya san wasa ne, Kimba ma ya yaƙe haƙora. Amma da Habi ta rugo tana haki ta ce, "Baba, Baba Cindo ya ce..." bai bari ta ƙarasa ba.

"Tahi ki taya Inna aiki."

Ta tsaya tana dubansa, sannan ta shige gida.

Ladan ya kira magariba. Maza suka nufi masallaci, Kimba ya ce su je yana tafe. Unguwa ta yi tsit, irin shirun nan da ake janye yara daga ƙofar gida a cikinsa. Ya miƙe ya nufi aduwar.

Aduwar nan tana da ƙa'ida a gidan maƙera, tun zamanin kakansu. A gindinta akwai wani rami da ya shige tsakanin saiwoyi, ba wanda ya san zurfinsa. Ba a zuba ruwan zafi wurin, ba a zubar da tokar maƙera, ba a kai wuta ko ta taba ce. Duk yammacin Alhamis Inna takan ajiye ɗan nono a sakaina ta ce, "Ga naku, maƙwabta." Kimba ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Inuwa ce ta sa ake ajiye motar can, kuma a daren nan ba ƙa'ida ce a ransa ba. So yake gobe ya tara su, da Alhaji da Habi da kowa, ya nuna musu duk tarkacen nan na Nasara burga ce, waya guda ta isa.

Ya zare ɗan kwalbar ya jefa aljihu. Ya kwance wayar daga kontak, ya tsallake maɓallin mai, ya ja ta kai tsaye zuwa kan batir, ya murɗe ta da yatsunsa zuwa hagu kamar yadda yake murɗa kowace waya. Pompin ya ce tak, tak, tak. Kimba ya yi murmushi. Ga shi, ba kile, ba kwalba, ba Faransanci.

Pompin bai tsaya ba. Moter a mace yake, ba abin da ke shan isansin, amma shi turawa kawai yake. Kimba ya ji wari, sannan ya ji tsiyaya. Isansi ya cika ya tumbatsa, yana bin ƙarfe yana sauka, yana gangarawa cikin rairayi ya nufi ramin kamar an kira shi. Tsoro ya kama shi, ya fizge wayar daga batir, tartsatsi ya faɗo.

Wutar ba ta yi ƙara ba. Fuu kawai ta ce, shuɗiya, ta bi sawun isansin ta shige ramin. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙafafunsa, wani abu ya yi kuka siriri kamar na jinjiri, sau ɗaya, ya yanke.

Ya yi ta tura rairayi da hannu biyu har wutar ta mutu. Ya mai da wayar inda ya same ta, ya murɗe, ya share sawu da reshe. Ya isa masallaci an sallame, ya yi tasa sallar shi kaɗai a baya, bai san abin da ya karanta ba.

Suna cikin cin tuwo a tsakar gida dutsen farko ya faɗo tsakiyar akushi. Dakoro ba garin duwatsu ba ne, sai ka yi tafiya kafin ka tsinci wanda za ka jefi kare da shi. Inna ta ɗauke shi ta sake shi da sauri, zafi ne da shi kamar daga maƙera aka ciro shi, kuma warin isansi yake. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya sauka daidai gaban Kimba ya tsaya cak bai mirgina ba. Cindo ya ɗauki fitila ya zagaya bayan danga, bai ga kowa ba, bai ga sawun kowa ba.

Da safe Kimba yana laɓe a maƙera ya ga Cindo ya buɗe motar. Ya ga ya daɗe yana duban wayar, ya shafa murɗin da yatsa, ya durƙusa ya sunsuni ƙasa, ya dubi rairayin da aka tura bakin ramin. Kimba ya jira a zo a tsare shi. Har amsar da zai bayar ya shirya. Cindo kuwa sai ya cire batir ɗin ya kai shi ɗakinsa, ya fito ya gaishe shi kamar kullum, "Yaya, an tashi lahiya?" Wato ya gane, ya kuma rufa masa asiri. Da zaginsa ya yi a tsakiyar kasuwa da ya fi wa Kimba sauƙi.

Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai gidan ya canza. Duwatsu su fara sauka jefi-jefi, ba sa samun kowa, ba sa kuma barin kowa ya zauna. Sannan daga gindin aduwa a ji tak, tak, tak, alhali batir na ƙarƙashin gadon Cindo ba waya a jikinsa. Akuyoyi suka daina kwana a turkensu. Nonon da Inna ta ajiye ranar Alhamis aka same shi a kife, sakainar ta yi baƙi. Maƙwabta suka fara ratsewa ta wata hanya in za su rijiya.

Sannan abin ya taɓa Habi. Wata magariba tana tankaɗe sai ta saki rariya, ta dunƙule hannun hagu ta matse shi a ƙirji, ta ce yana ƙuna. Inna ta buɗe hannun da ƙyar, ba tabo ba kumburi. Ta daina ci, ta daina magana da rana, in duhu ya fara sai ta zauna ta fuskanci aduwa tana jijjiga jiki kamar mai lallashin goyo. In Kimba ya matso ya ce, "Habi, ni ne," sai ta juyo ta dube shi da idon da ba nata ba, idon tsohuwa, har sai shi ya sunkuyar da kai.

Gari bai sha wahalar neman mai laifi ba. Wa ya zo daga ruwa? Wa ya kawo gwangwani mai bugun zuciya? Aka ce aljanin kogi Cindo ya ƙunso a ciki, ya rasa ruwa a Dakoro, shi ya sa yake hauka. Masu zuwa jin labarin Yamai suka ɗauke ƙafa. Alhaji Kalla ya aiko a ce a cire masa abin nan daga mota, Kimba ya mai da tsohon. A masallaci ana barin tazara tsakaninsu da Cindo a sahu.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. Kimba ya ji daɗi. Yana kuka don 'yarsa, kukan gaske, yana zama bakin ɗakinta har ƙafarsa ta yi sanyi, amma in ya ga Cindo ya wuce kai a ƙasa ba mai amsa masa sallama da fara'a, wani wuri a ƙirjinsa sai ya yi sanyi kamar an zuba masa ruwan randa. Yakan ce gobe zai faɗa, goben ta zo ya dubi ƙanensa ya fasa. Habi kuwa tana ta zubewa, har awarwaronta ya fara zamewa daga hannu.

Inna ce ta gaji. Ta aika garin Ajekoriya a kira Malam Jimrau, wani ɗan tsoho siriri da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, wanda aka ce ko aljanu sukan rage tasu in suna magana da shi. Ya iso da la'asar a kan jaki, da gafakarsa da buta. Bai tambayi komai ba sai da ya zagaya gidan, ya tsaya gindin aduwa ya daɗe. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Habi, ya ce kowa ya fita sai 'yan gida da Alhaji Kalla, tunda motarsa ce.

Ya zuba turare a kasko ya fara karatu, a hankali, kamar mai yi wa kansa. Inuwa ta yi tsawo ta haɗe. Ladan ya kira, ba wanda ya motsa. Dutse ya faɗo kusa da butarsa, bai ko ɗaga ido ba. Can sai tak, tak, tak ta taso daga aduwa, tana matsowa, tana matsowa, har ta zama daga ƙirjin Habi take fitowa. Yarinyar ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, busasshiya. Inna ta toshe baki.

"Salamu alaikum," in ji Malam Jimrau. "Daga ruwa kike?"

"Ruwa? Ni mi ya haɗa ni da ruwa? Nan nike tun kakan waɗanga bai kafa turke ba. Tambayi tsohuwar ga. Suna ba mu nono, muna tsare musu wuta. An taɓa gobara gidan maƙera?"

"Ba a taɓa ba," in ji Inna.

"To, mu munka tsare musu wuta, su sunka zubo muna ita cikin ɗaki. Ɗana na kwance, hannunshi ya ƙone har ƙashi. Ɗa a bakin ɗa. Da wagga za ni tahi."

Kimba ya ji ƙasa tana juyawa da shi.

"Ba ki tahiya da ita," in ji malamin. "Ɗanki na da rai. Kuma yarinya ba ta yi miki komi ba. Allah bai aza wa rai kayan wani rai ba, wannan hukunci ya hau kanku kamar yadda ya hau kanmu. Ko ke ba musulma ba ce?"

Hayaƙin turaren ya miƙe tsaye kamar sanda.

"Musulma ce," in ji muryar. "To, a ba ni hannun da ya murɗa wayar. Hannu a bakin hannu, in bar yarinya. Amma mai hannun ya hwaɗa da bakinshi."

Malam Jimrau bai dubi kowa ba. Alhaji Kalla ne ya juya ya dubi Cindo, Inna ma ta dube shi tana hawaye. Kimba ya kafa ido a ƙasa.

Cindo ya matso ya durƙusa gaban tabarmar ya miƙa hannunsa na dama.

"Ni ne. Ni na kawo shi, ni na ɗaura. Ga hannun, nawa ma shida ne, ɗauki abin da kike so ki sakam muna ɗiyarmu."

A nan ne abin ya fashe a cikin Kimba, kuma kada wani ya ce tsoron Allah ne ya fara motsa shi, ko tausayin ɗan'uwa. Gani ya yi, ƙarara kamar da rana, Habi ta warke ta girma, tana nuna wa 'ya'yanta shanyayyen hannun Cindo tana cewa wannan ne ya fanshe ni. Ya ga ana ba da labarin a bakin rijiya har bayan ransa. Mutumin nan ya ƙwace masa mota, ya ƙwace masa suna, yanzu kuma har fansar 'yarsa zai ƙwace?

"Ƙarya yake!" Ya ture ƙanensa gefe har ya faɗi. "Ƙarya yake, malam! Ni ne! Ni na cire kwalbar, ga ta nan aljihuna, ni na kai wayar kan batir, ni na sa wutar, ni na rufe da rairayi. Ɗiyata ce! Ba ɗiyarmu ba, ɗiyata! In hannu za a ɗauka, nawa za a ɗauka!"

Ya zube ya shimfiɗa hannun hagu a kan tabarma, ɗan kwalbar ya mirgino ya tsaya kusa da kaskon turare.

Bakin Habi ya yi dariya, wata irin dariya mara daɗi.

"Na san kai ne, bahago, ina kallonka. So nike in ga ranar da za ka buɗa baki. Ashe ko gaskiya sai kishi ya koro ta daga cikinka."

"An hwaɗa miki," in ji Malam Jimrau. "Tsuntsun da ya ja ruwa, ga shi ruwa ya doke shi. Amma hannu dungum ba ki samu. Da shi yake ciyar da tsohuwar da ke ba ki nono, da yarinyar da kinka wahalshe ba haƙƙi. Wannan ma bashi ne a kanki."

Suka yi ta ja, ita tana hawa yana saukar da ita, shi da murya ɗaya kamar mai cinikin akuya. Ta ce hannu zuwa gwiwa, ya ce a'a. Ta ce tafin, ya koma karatu har ta yi ƙara ta ce ya tsaya. Daga ƙarshe suka tsaya a kan babban yatsa da manuni, ƙarfinsu kawai, ba naman ba, har ranar da hannun ɗanta zai warke. Za a kuma janye motar daga aduwa har abada, a kwashe ƙasar da ta sha isansi a zuba sabuwa, Kimba da kansa zai riƙa kai nonon Alhamis.

"Yaushe ɗan naki zai warke?" in ji malamin.

"Mu ba mu gaggawa."

Ya sa ta rantse da Wanda ya hore su ga Annabi Sulaimanu, ta rantse. Hannun Habi na hagu ya buɗe a hankali, ya sauka a kan na ubanta, yatsu biyu suka kama yatsu biyu. Kimba ya ji sanyi ya ratsa su kamar an tsoma su a rijiya da asuba. Habi ta yi atishawa, ta sake, ta sake, sannan ta sulale a jikin Inna. Bugun ya tsaya. Can bayan danga wata akuya ta yi kuka, karon farko tun da abin ya fara.

"Inna, ƙishirwa," in ji Habi da muryarta.

Washegari aka tura motar can fili nesa da itacen. Kimba ya kwashe ƙasar da hannu ɗaya da rabi, bai yarda a taya shi ba. Alhaji Kalla ya zo yana sosa ƙeya ya ce a bar pompin Cindo, a mai da shi yadda yake. Da yamma 'yan'uwan biyu suka zauna a inuwar motar, ba mai duban wani.

"Ka san ni ne tun ran farko," in ji Kimba. "Don mi ba ka tona ni ba? Don ka hi ni ko a nan?"

Cindo ya juyo da mamaki.

"Ni ban san kai ne ba, Yaya. Na ga murɗin hagu. Mutum biyu ka murɗin hagu gidan ga. Da na ga ita ce ta hwaɗi, na ɗauka ita ce ta yi wasa da wayar. Shi ya sa na yi shiru, shi ya sa na miƙa hannu."

"Habi ba bahaguwa ba ce."

"Ba bahaguwa ba ce, amma hagu take murɗawa. Na yi na yi in gyara mata, ta ƙi, wai haka Babanta ke yi. Komi na gwada mata sai ta ce Babana ba haka yake yi ba, Babana da kunne yake gane ciwon mota, bari in koya in je in gwada wa Babana. Wallahi har na gaji da jin sunanka." Ya tsinci ɗan kara yana karyawa. "Ni da na dawo da akwati guda, ba mata ba ɗa. Kana tsammani in na ga ka miƙa hannu baya an sa maka kilen ɗaurin ƙusa, daɗi nike ji?"

Kimba ya tuna maraicen da ta rugo tana haki ya kore ta. Ya dubi yatsunsa biyu, suna nan lafiya lau a ido, sai dai ko ƙuda ba za su iya kamawa ba.

Da Habi ta yi ƙwarin fitowa, ita ta riƙe wayar. Ba ta tuna komai ba, ba kuma wanda ya gaya mata sai abin da ya kamata. Cindo yana faɗa, Kimba yana kwance ƙarƙashin mota yana bi, daga kontak zuwa ɗan kwalba, daga ɗan kwalba zuwa maɓallin mai, sannan pompi. Duk inda aka zo murɗi sai ya janye hannu ita ta sa nata, ta murɗa hagu, ta naɗe. Kafin a murɗa kile su ukun suka durƙusa suka sunsuni ƙasa.

Saura ƙusa guda a ɗaure. Kimba ya manta, ya miƙa hannun hagu baya yadda ya saba, bai waiwaya ba. Kilen ɗaurin ya sauka a tafinsa, wanda yake so ɗin kuwa. Yatsun suka ƙi rufuwa, ƙarfen ya zame ya faɗi cikin rairayi. Ya ji ta tsince shi, ta busa masa ƙasa, ta sake sa masa. Wannan karon ba ta janye ba, ta naɗe yatsunsa a kan ƙarfen da nata hannun, ta rarrafo ƙarƙashin motar kusa da shi.

"Murɗa, Baba," ta ce. "Ina riƙe."